"Ba rezo": wa ke auna katsewar intanet a Nijar, kuma don wa yake aunawa?

Ranar Alhamis 14 ga watan Maris 2024, cikin makon farko na azumi, intanet ya yi rauni a Nijar da wasu ƙasashe 12 na Afirka. Makon ba na wasa ba ne a siyasance. Ranar Laraba Najeriya ta ba da umurnin buɗe iyakarta da Nijar da maido da wutar da ta yanke, wata tawagar Amurka tana Yamai, kuma ranar Asabar 16 ga wata hukumomin ƙoli suka soke yarjejeniyar soja da Amurkan. Duk wanda WhatsApp ɗinsa ya tsaya a irin wannan mako yana da dalilin zargin cewa wani ne ya taɓa makunni da gangan.

Sai dai matsalar ba a Yamai take ba. Tana ƙarƙashin teku, daura da gaɓar Kwaddibuwa, inda manyan wayoyi huɗu da ke ɗauko intanet zuwa yammacin Afirka, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusan lokaci guda. Tun kafin bayanin kamfanoni ya kai ga jama'a, cibiyoyin da ke sa ido kan intanet daga waje, irin su Cloudflare da NetBlocks, sun riga sun wallafa jerin ƙasashen da abin ya shafa da sa'ar da ya fara a kowace.

Nan tambayar take. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke jiran saƙon shigowar kuɗi, ko ɗalibar Damagaram da ke ƙoƙarin aika takardunta kafin a rufe rajista, sukan san abin da ya sami rezonsu ne daga bakin wani da ke Landan ko Amurka, in ma sun sani. In kuma katsewar ta tsaya a Dakoro ko Tanout kaɗai, shi kansa na wajen ba ya ganinta.

Sallama da amsa sallama

Awon da ake magana a kai ba wani abin sihiri ba ne. Asalinsa sallama ce. Na'ura guda tana aika ɗan ƙaramin saƙo ga wata na'ura, ta jira amsa, ta rubuta abu biyu: an amsa ko ba a amsa ba, kuma lokaci nawa amsar ta ɗauka. Sunan wannan gwaji ping. Wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ne ya rubuta shi a 1983, kuma har yau shi ne abu na farko da mai gyaran rezo ke gwadawa. Ana ƙirga lokacin amsar da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. Saƙon da ya bi ta tauraron ɗan adam irin na da, mai nisan kilomita 36,000 daga ƙasa, yana cin kusan milisakan 600 kafin ya je ya dawo. Wanda ya bi wayar fiba ba ya kai rabin haka. Saboda haka ko daga tsawon jiran ana iya gane cewa kamfani ya canza hanya.

Gwaji na biyu, traceroute, yana bin sawun saƙon zango-zango, kamar mai kaya da ke kiran direbansa ya ji ya wuce Konni, ya wuce Dosso, ya tsaya a Gaya. In saƙon ya maƙale a zango na biyu, matsalar tana cikin gidan kamfani. In ya fita ƙasa sannan ya ɓace, sai a dubi Kwatano ko Legas ko teku. Akwai kuma gwajin da ke tambayar adireshin shafi, da wanda ke buɗe shafin kansa don ya ga ko abin da ya dawo shi ne abin da aka nema.

Salular da ke aljihunka tana yin irin wannan gwaji ba tare da ta faɗa maka ba. Duk lokacin da wayar Android ta hau rezo, tana aika tambaya ga wata na'urar Google, ta jira wata amsa da ba ta ɗauke da komai sai lamba 204. In amsar ba ta zo ba, sai ta sa maka ƴar alamar nan kusa da sandunan rezo. iPhone da kwamfutar Windows su ma suna da nasu. Su kuwa sandunan da muke ɗaga waya sama muna nema, labarin tsakaninka da eriya mafi kusa kawai suke bayarwa. Sanduna huɗu cif ba sa nufin akwai hanya daga eriyar zuwa sauran duniya.

Ciwo biyar, alama ɗaya

Ga mai riƙe da waya, kowace katsewa kamanninta ɗaya: saƙo ya ƙi tafiya. Ga mai awo kuwa, kowane dalili da irin sawun da yake bari.

In kuran ne, rezo ba ya mutuwa gaba ɗaya. Eriyoyi suna komawa kan batir da injin gazuwal, sannan su riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, unguwa-unguwa, gwargwadon ƙarfin batir da man kowace. Ƴan Nijar sun san wannan ciwo sosai tun farkon Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da a lokacin ke cike kusan kashi 70 cikin 100 na bukatun Nigelec. Layin Birnin Kebbi ne ke ciyar da Yamai da Dosso, na Katsina zuwa Gazawa kuma ke ciyar da tsakiyar ƙasa da gabashinta.

In fiba ce ta tsinke a ƙasa, ko injin masu aikin hanya ya sare ta ko ruwa ya tone ta, garuruwan da ke bayan wurin tsinkewar ne kaɗai ke shiga duhu, kuma galibi kamfanonin da ke hawa wannan waya ne abin ke shafa. In wayar teku ce, ƙasashe da yawa ne ke yin ƙasa a sa'a guda, lokacin amsa kuma ya ninka saboda an karkata zuwa doguwar hanya. In kuma manhajar ce da kanta ta faɗi, komai na aiki sai ita. Haka aka yi ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace a duniya baki ɗaya kusan awa 6, saboda kuskuren injiniyoyin kamfanin da ya share hanyoyin isa gare shi.

Na biyar shi ne wanda ɗan adam ya yi da niyya, kuma iri biyu ne. Akwai na ƴan bindiga da ke ƙona eriyoyi, kamar yadda aka sha gani a jahar Tilaberi da maƙwabta Mali da Burkina Faso, wanda ke kashe yanki guda ya bar sauran. Akwai kuma na umurnin hukuma, wanda sawunsa ya fi kowane fitowa fili: kamfanoni daban-daban, masu wayoyi daban-daban da injina daban-daban, su faɗi tare cikin ɗan lokaci, sau da yawa intanet ɗin salula kaɗai, kira da layin ofisoshi kuma suna aiki. Haɗari ba ya zaɓe haka.

Darasin Fabrairun 2021

Nijar ta ga wannan sawu. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na ranar 21 ga Fabrairun 2021, hukumar CENI ta bayyana sakamako ranar 23 ga wata, tarzoma ta ɓarke a Yamai da wasu garuruwa, kuma daga ranar 24 intanet ɗin salula ya ɗauke. Bai dawo ba sai ranar 5 ga Maris, kwanaki 10 ke nan. Kowa ya ji a jikinsa, amma shaidar da ta zaga duniya, mai ɗauke da rana da sa'a da sunayen kamfanoni, daga ma'aunan waje ta fito.

Irin wannan shaida tana da nauyi. A watan Yunin 2020 kotun CEDEAO ta yanke hukuncin cewa Togo ta tauye ƴancin faɗin albarkacin baki da ta katse intanet lokacin zanga-zangar Satumban 2017. A Yulin 2022 kotun ta ce dakatar da Twitter da Najeriya ta yi na tsawon wata 7 ya saɓa ƙa'ida. Ba a zuwa gaban alƙali da "kowa ya sani". Ana zuwa ne da lokacin da abu ya fara, da lokacin da ya ƙare, da wanda ya shafa. Tun da ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ƙofar kotun CEDEAO ta rufe wa mai irin wannan ƙara, abin da ke ƙara wa shaidar cikin gida muhimmanci.

Kuma matsalar ba ta lafa ba a nahiyar. Ƙungiyar Access Now ta ƙirga katsewar intanet da gangan sau 296 a ƙasashe 54 cikin 2024, 21 daga ciki a ƙasashen Afirka 15. Senegal ta yi a 2023 da 2024. Burkina Faso ta yi a Nuwamban 2021. Cadi ta toshe shafukan sada zumunta na tsawon wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Aljeriya da Muritaniya sun sha rage intanet lokacin jarabawar bak.

Idon baƙo ba ya kai ƙauye

To in masu awon waje suna aiki, me ya rage? Abin da ya rage shi ne ma'aunansu ba don irin ƙasarmu aka ƙera su ba.

Ɗauki IODA, ta jami'ar Georgia Tech da ke Amurka, wadda masu bincike ke yawan dogara da ita. Tana duban hanyoyin da kamfanoni ke shelanta wa juna a tsarin BGP, tana aika sallama ga adiresoshin intanet na kowace ƙasa, tana kuma sauraren ɓatattun saƙonnin da na'urori ke fitarwa. Wannan yana aiki sosai inda gidaje ke da layin waya kowa da adireshinsa. A Nijar kuwa kusan kowa ta salula yake shiga, kuma kamfanonin salula suna tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, wanda ba ya amsa sallamar baƙo. Bayan haka, saƙon wanda ke Madarunfa galibi sai ya biya ta cibiyar kamfani kafin ya fita, don haka daga waje ana ganinsa kamar mutumin babban birni.

Tsarin RIPE Atlas yana da ƙananan na'urori fiye da 10,000 da masu sa kai suka jona a gidaje da ofisoshi, amma mafi yawansu suna Turai da Arewacin Amurka. Manhajar OONI Probe, da kowa zai iya sa wa a wayarsa don gwada ko an toshe wani shafi ko WhatsApp, ƙarfinta ya dogara ne ga yawan masu gwadawa, kuma ranar da aka ɗauke rezo gaba ɗaya ba ta da hanyar aika sakamako sai an dawo da shi.

Sakamakon haka, a allon masu awon duniya Nijar layi ɗaya ce, kuma Yamai ce ke jan layin. Gunduma guda tana iya kwana uku a duhu layin bai motsa ba.

Maƙwabtanmu na kudu sun nuna yadda hakan ke kasancewa. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwar Najeriya, NCC, ta umurci kamfanoni su rufe rezo a duk jahar Zamfara saboda yaƙi da ƴan bindiga, daga bisani aka faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duniya ta san labarin ne ta wasiƙar hukumar da ta fita ga ƴan jarida, da bakin mutanen da ke tafiya wasu garuruwa don yin kira ɗaya. Na bakin iyaka kuma suka koma neman rezon Nijar. Da ba a ga wasiƙar ba, da gardamar ko an rufe ko lalacewa ce ta daɗe.

Tara ba ta maido wa mutum forfensa

A cikin gida, aikin sa ido kan ingancin rezo na ARCEP ne, hukumar da ta gaji ARTP a 2018. Tana fita da motoci da na'urori ta gwada kira da intanet a garuruwa, kuma ta nuna tana iya cizo. A Yulin 2023 ta ci kamfanoni huɗun ƙasar, Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms, tarar da jimillarta ta haura miliyar 4 na sefa kan rashin cika sharuɗɗan inganci.

Amma irin wannan zagaye hoton rana ɗaya ne. Motar awo tana wucewa Tasawa ranar Talata, rezo ya faɗi ranar Juma'a, rahoto bai san an yi ba. Bayanan kowane minti, na wace eriya ce ta tsaya da ƙarfe nawa, suna hannun kamfanonin, domin kowannensu yana da ɗakin da ke kallon eriyoyinsa dare da rana. Wanda ake tuhuma shi ke riƙe da littafin shaida.

Tarar kuma baitulmali take shiga. Wanda ya sayi forfen yini ɗaya na dala ɗari, rezo ya ɗauke masa awa 9 daga ciki, wa'adin forfen bai tsaya jiransa ba. Mai shagon aika kuɗi da ya wuni yana mayar da mutane, hayar shagonsa ba ta ragu ba. Yau aika kuɗi ta Nita ko Amana, cinikin albasa da dabbobi ta WhatsApp, rajistar jarabawa, saƙon ɗa da ke Libiya ko Abijan ga iyayensa, duk a kan rezo suke tafiya. Ba yadda za a yi a nemi diyyar asarar da ba a rubuta ba. Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo, amma in ya tashi kai ƙarar magini, sai ya faɗi ranar da aka yi ruwan.

Ghana ta nuna wata hanyar a Maris 2024. Hukumar sadarwarta, NCA, ta riƙa fitar da sanarwa a kai a kai: wace waya ce ta lalace, wane ƙarfi aka samo daga wasu hanyoyi, makonni nawa ake sa ran gyara zai ci. Hakan bai gyara wayar teku ba, amma ya rage wa jita-jita kasuwa.

Sababbin hanyoyi, tsohuwar tambaya

Nijar ba ta da teku, don haka intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta yake shigowa. Aikin fibar da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ɗauki nauyin mafi yawan kuɗinsa, ya ƙunshi kilomita 1,031 a cikin ƙasar: daga Arlit zuwa iyakar Aljeriya, daga Difa zuwa iyakar Cadi, daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, da kuma daga Yamai zuwa iyakokin Benin da Burkina Faso. Starlink ma ya fara aiki a hukumance a 2025. Ƙarin ƙofofi abin so ne. Sai dai sanin ko saƙo yana komawa ta ƙofar arewa da kansa ranar da ta kudu ta toshe, da kuma minti nawa hakan ke ɗauka, sai an auna. Ba a sanin amfanin tayar ajiya sai ranar faci.

Hukumomin ƙasar suna yawan magana kan diyauci, har a fannin sadarwa. In haka ne, da wuya a ce ya dace ƙasa ta riƙa jin labarin lafiyar rezonta daga baƙi, ta kuma rasa alƙaluman kanta da za ta gaskata su ko ta ƙaryata su.

Za a ce wace gwamnati ce za ta kafa ma'aunin da zai tona ta ranar da ta ba da umurnin rufewa. Amsar ita ce ma'aunin da ke tonawa shi ne kuma ke wankewa. Mafi yawan katsewar da jama'a ke fama da ita ta kuran ce da fiba da cunkoso, amma tun bayan 2021 zargi na farko kan hukuma yake sauka, kuma ba ta da abin nunawa sai kalmar bakinta. Akwai ma wani haɗarin ga talaka. A Yunin 2024 an yi wa dokar laifukan intanet ta 2019 gyaran da ya maido da hukuncin ɗauri kan yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Inda doka ke hukunta mai hasashe, adalci ne a samar masa wurin da zai duba gaskiya kafin ya buɗe baki.

Za a kuma ce bayyana inda rezo ya faɗi taimako ne ga ƴan bindiga. Wanda ya ƙona eriya ya riga kowa sanin ta faɗi. Kuma ba wanda ya ce a wallafa taswirar eriyoyi. Alƙaluma gunduma-gunduma sun isa, ko da an jinkirta na yankunan da ake fafatawa.

Abin da ke iya yiwuwa

Aikin bai kai tsadar kilomita ɗaya na kwalta ba. Kowace daga jahohi 8 na ƙasar tana da jami'ar gwamnati: Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa, da na Agadas da Difa da Dosso da Tilaberi. Ƙaramar kwamfuta da layukan kamfanoni huɗu, da farantin hasken rana da batir, suna iya yin sallama kowane minti biyar, su ajiye sakamako a cikinsu lokacin da rezo ya ɗauke, su aika in ya dawo. Gidajen rediyon karkara, waɗanda ke da rufi da mai gadi da wutar rana, suna iya kai awon inda jami'a ba ta kai ba. Ɗaliban ilimin kwamfuta kuma sun samu aikin kammala karatu mai amfani.

Ɓangaren ARCEP ya fi sauƙi a takarda: ta wajabta wa kamfani sanar da duk katsewar da ta wuce wani adadin awoyi, da dalilinta da yankinta, ta wallafa jimillar kowane wata da Faransanci da harsunan ƙasa, ta kuma sa doka cewa awoyin da aka rasa a ƙara su kan wa'adin forfe ba sai mutum ya roƙa ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye da ke Maraɗi da Damagaram da Tawa su ne suka fi cancanta su riƙe wannan buƙata.

Kafin nan, mai waya ma yana da nasa ɗan gwajin. In saƙo ya ƙi tafiya, ya gwada kira. In kira ya shiga, ya gwada buɗe wani shafi dabam da WhatsApp. Ya tambayi maƙwabci mai layin wani kamfani, sannan ya kira wani a wani gari. Amsoshin nan huɗu sun isa su raba matsalar manhaja da ta kamfani, ta unguwa da ta ƙasa. Sai ya rubuta rana da sa'ar da abin ya fara da wadda ya ƙare. Mutum 50 a kasuwa guda da suka yi haka na wata ɗaya sun fi ƙarfin a sallame su da cewa "ana kan gyara".